Littafin da ke cikin kwalin hita: abin da doka ta ɗora wa mai sayarwa, mai haɗawa da mai gida

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, hita na cikin kayan da suka fi tafiya a shagunan Taminus da Titin Ahmadu Bello a garin Jos. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma idan hunturu ya kankama akwai asubahin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Wani ya sayi ta ɗumama ɗaki, wani mai tanki ta ruwan wanka, wani mai aiki da gas. A kowane kwali akwai ɗan littafin umarni daga kamfanin da ya ƙera na'urar, mu kuwa tare da kwalin muke zubar da shi. Alhali ranar da wani abu ya faru, shi za a fara buɗewa don a gane laifin na wane ne.

Dokar da ta fi shafar wannan batu ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce kuma ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibi, waɗanda suka dace da ƙa'idojin hukumomin da ke kula da fannin. Sashe na 132 ya ce idan kayan suka gaza haka, kana da wata uku daga ranar da aka miƙa maka su ka mayar, a gyara, ko a sauya, ko a dawo maka da kuɗinka. Rubutun nan da ake mannawa a shago cewa ba a mayar da kaya bayan an saya bai soke wannan haƙƙi ba, FCCPC ta sha faɗin haka. Sashe na 136 ya wuce nan: idan kaya masu aibi suka jawo rauni ko asarar dukiya, alhaki na kan wanda ya samar da su, ko da wanda ya cutu ba shi ne ya saya ba. Baƙon da wuta ta ja a banɗakinka ma yana da bakin magana.

Sai dai akwai sharaɗin da mutane ba su cika lura da shi ba. Da dokar ta yi maganar ƙarkon kaya, ta ɗaura shi ne a kan irin amfanin da aka saba yi da su. Wa ke fayyace wannan amfanin? Littafin kamfani. Idan ya ce a haɗa wayar ƙasa (wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa) ba a haɗa ba, ko ya ce kada a rufe na'urar da tufafi aka shanya mata rigunan makarantar yara, to mai sayarwa ya samu hujjar cewa aibin ba daga kaya yake ba, daga hannunka yake. Takardar garanti ma haka take: kusan kowacce tana cewa garanti ya faɗi idan aka saɓa wa umarnin haɗawa, ko wanda bai cancanta ba ya kwance na'urar.

Shi ma mai aikin da ka ɗauko, doka ba ta bar shi ba. Sashe na 130 ya ce kana da haƙƙin a yi maka aiki irin wanda mai hankali zai sa ran samu, in ba haka ba a gyara ko a mayar maka da wani kaso na kuɗin aikin. A ɓangaren wuta, NEMSA, hukumar duba ingancin ayyukan lantarki, ita ce ke tantance masu haɗa wayoyi tana ba su takardar shaida, kuma tun 2015 akwai ƙa'idojin NESIS da NERC, hukumar sa ido kan harkar wutar lantarki, ta fitar kan yadda ake haɗa wuta. Don haka ba rashin kunya ba ne ka tambayi mai aikin wuta takardarsa. Zai iya ce maka, "Haba Alhaji, bar wannan littafin, mun saba." Wataƙila ya saba ɗin, amma da irin wadda ya haɗa jiya ya saba, kowane kamfani kuwa da nasa ma'auni. Ka buɗe littafin ku duba tare.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne hitar gas. Gas idan yana ci da isasshiyar iska, harshensa shuɗi ne. Idan iska ta yi kaɗan, ko bakin murhun ya toshe da ƙura, sai harshen ya koma ruwan ɗorawa, na'urar ta fara fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar shaƙa ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, abin da a nan kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko mura, ya sha magani ya ƙara rufe taga. Shi ya sa littafin hitar ruwa mai gas kan hana a sa ta cikin banɗaki ko ɗakin kwana, ya ce a sa mata bututun da zai kai hayaƙinta waje, kuma kada a toshe kafar iska. A garinmu da sanyi ke sa mu cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, wannan umarni ya fi ƙarfin shawara. Idan mutanen gida biyu ko uku suka kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da fita waje, a kashe na'urar, a buɗe ko'ina, a tafi asibiti. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan guba ba ta kai kuɗin hitar ba, ina ganin duk mai hitar gas ya kamata ya saya. Kaskon gawayi da muke shiga da shi ɗaki, da janareta a barandar da aka rufe, gubar ɗaya suke fitarwa, shi kuwa kaskon babu littafin da zai gargaɗe ka.

Tukunyar gas ɗin a waje ya kamata ta zauna, a tsaye, inda iska ke ratsawa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ita ce tukunya ta yi shekara 15 a aiki, ana sake gwada ta duk bayan shekara biyar, kuma shekarar ƙira na jikinta. Yoyo da ruwan sabulu ake gwada shi, ba da ashana ba.

Hita mai tanki tana da wani ɗan bawul da ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa. Yakan ɗiga, mutane kuma su ga kamar lalacewa ce su sa a toshe shi. Kada a yarda. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, kuma ranar da na'urar daidaita zafi ta mutu, wannan bawul ɗin ne zai hana tankin fashewa. Abin da littafin ke cewa shi ne a sa masa tiyo ya kai ruwan magudana. Haka kuma a ba hitar layinta daban daga akwatin wuta, da wayar ƙasa ta gaske, da bireka mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. Gidaje da yawa a tsoffin unguwanni soket ɗinsu rami uku ne amma waya biyu ce a ciki, sai an gwada ake ganewa.

Ta ɗumama ɗaki mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9 a wutarmu ta bolt 230. Soket na bango zai ɗauka, amma ƙaramar wayar ƙari ta kasuwa za ta yi zafi ta narke. A bar tazarar kamar mita ɗaya tsakaninta da labule da katifa, a kashe idan an ɗauke wuta, don kada ta dawo babu kowa a ɗakin.

Ga wani ƙorafi da nake da shi. Sashe na 114 ya ce bayanin da ake bai wa mai saye ya kasance cikin harshe mai sauƙi, wanda mai matsakaicin karatu zai fahimta. Amma sai ka ga littafi da Turanci mai wuya da ƙananan baƙaƙe, wani ma da Sinanci kawai. Kamfanin da ke cinikin miliyoyi a Arewa ba zai gaza buga shafi biyu na gargaɗi da Hausa ba. Kafin su yi, duk hitar da ta zo babu littafi, babu sunan mai ƙira, kada ka saya. Kayan da aka shigo da su bisa ƙa'ida suna bi ta SONCAP, tsarin tantance inganci na hukumar SON, na gida kuma suna ɗauke da tambarinta na MANCAP.

Duba lafiyar na'ura ma yana cikin umarnin, galibi sau ɗaya a shekara, a Jos kuwa Oktoba ta fi dacewa, kafin masu gyara su yi wuyar samu. A wanke dattin ruwan da ya daskare a tanki, musamman ga masu ruwan rijiya ko burtsatse, a gwada bawul, a share bakin murhu, a sauya tiyon da ya tsattsage. Ka sa mai gyara ya rubuta ranar da abin da ya yi a bayan littafin, ka haɗa da rasit da takardar garanti wuri guda. Idan rigima ta taso, da mai sayarwa za ka fara. Idan ya ƙi sauraro, ka kai ƙara FCCPC, ko ta shafinta na intanet, ka haɗa da hotunan waɗannan takardu. Dokar ta kuma bar maka ƙofar kotu a buɗe.