dd (manhajar ɗaukar hoton faifai)

dd manhaja ce da ake amfani da ita ta hanyar rubuta umarni a tsarin Unix da dangoginsa, kamar Linux da macOS. Aikinta kwafar bayanai daga wuri zuwa wuri, bayit bayan bayit (bayit ƙaramin ma'aunin bayanai ne), ba tare da ta duba ma'anar abin da take kwafa ba. Da ita ake ɗaukar hoton faifai, wato fayil guda mai ɗauke da duk abin da ke cikin faifan kwamfuta ko filasha, har da wuraren da babu komai da ragowar fayilolin da aka goge.

Tarihi

Manhajar ta fito ne daga Bell Labs a jihar New Jersey ta Amurka, cikin Unix bugu na 5, wajen shekarar 1974, kuma galibi ana danganta rubuta ta ga Ken Thompson. A wancan zamani ba ɗaukar hoton faifai ne ya dami mutane ba. Bayanai na yawo ne a kan kaset mai maganaɗisu, kuma manyan injinan IBM na rubuta haruffa da tsarin EBCDIC, alhali injinan Unix na amfani da ASCII. Kaset ɗin da ya fito daga can ba ya karantuwa a nan sai an juya shi. Wannan juyi shi ne aikin dd na farko, kuma har yau zaɓin conv=ascii da conv=ebcdic suna cikinta, tare da conv=swab mai musanya kowane bayit biyu da ke kusa da juna.

Salon rubuta umarninta ma gado ne daga wancan zamani. Yawancin manhajojin Unix na karɓar zaɓi da ɗan layi a gaban harafi, ita kuwa dd tana amfani da alamar daidai, irin yadda ake rubuta jimlar DD a JCL, harshen ba manyan injinan IBM umarni. An yi saɓani kan asalin sunan, amma Dennis Ritchie, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya danganta shi da wannan jimla.

Abin da ya mayar da ita manhajar faifai shi ne ƙa'idar Unix ta ɗaukar kowace na'ura a matsayin fayil. Tunda faifai yana da suna kamar /dev/sda, duk manhajar da ke iya kwafar fayil tana iya kwafar faifai sukutum. Daga baya ta shiga POSIX, ƙa'idar da ke daidaita tsarukan dangin Unix. Wadda ke cikin yawancin nau'o'in Linux ta GNU ce, shirin samar da manhajoji masu 'yanci, wadda Paul Rubin da David MacKenzie da Stuart Kemp suka rubuta.

Yadda ake amfani da ita

if= na nuna inda za a karanto, of= na nuna inda za a zuba, bs= kuma girman abin da za a ɗiba a lokaci guda. In ba a faɗa ba, bayit 512 take ɗiba, abin da ke sa aiki ya yi nawa, shi ya sa ake yawan sa 4M. Misali:

dd if=/dev/sdb of=ajiya.img bs=4M status=progress

Mayar da hoton kan faifai juya if= da of= ne kawai. Zaɓin status=progress, mai nuna inda aiki ya kai, bai zo ba sai a bugu na 8.24 na coreutils, tarin manhajojin GNU da dd ke ciki, a 2015. Kafin nan tana aiki shiru har ta gama, sai dai a aika mata siginar USR1 don ta nuna inda ta kai. Faifai mai GB 500 zai ba da hoto mai GB 500 ko da rabinsa fanko ne, don haka ake matse shi da gzip. Filasha mai tsarin FAT32 ba ta karɓar fayil da ya kai GB 4, sai an yanka shi da split. Ana tabbatar da ingancin kwafi da sha256sum, ana kuma leƙa cikin hoto da losetup da mount.

Haɗari

dd ba ta tambayar mai amfani ko ya tabbata. Kuskuren harafi guda, sda a maimakon sdb, ya isa ya shafe aikin shekaru, kuma abin da ta rubuta a kansa ba ya dawowa. Duba sunayen na'urori da lsblk kafin a danna komai wajibi ne, haka nan kada a ɗauki hoton faifan da ake kan aiki da shi.

A Kaduna

Ɗalibin kwamfuta a Kaduna Polytechnic ko Jami'ar Jihar Kaduna da ke son gwada Ubuntu, wani nau'in Linux, zai iya zuba fayil ɗin ISO, wato hoton faifan girka shi, a filasha da ita. Ga mai gyaran kwamfuta kuwa, ɗaukar hoton faifan kwastoma kafin a taɓa shi ya fi kowace dabara kare amana. Ɗauke wuta a tsakiyar aiki na barin hoto guntu, don haka ya kamata a yi shi a kan laftof mai caji ko injin da ke da inbata.

Makamantanta

Ga faifai mai lalacewa, GNU ddrescue ta Antonio Diaz Diaz ta fi dacewa, domin tana rubuta inda ta tsaya, ta ci gaba daga nan. Masu binciken laifuka na amfani da dcfldd da dc3dd. Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan, tana kwafar wuraren da ke da bayanai kaɗai in ta gane tsarin faifan.