Waiwaye: Jirgin da Jarida Ta Rikito da Shi

Ranar 21 ga Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines ƙirar Boeing 777 da ya taso daga Landan ya shiga gargadar iska a saman ƙasar Myanmar, daidai lokacin da ake raba abincin karin kumallo. Waɗanda ba su ɗaura bel ba suka yi sama, kawunansu suka bugi rufi. Wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, da dama suka jikkata, matuƙan suka karkata zuwa Bankok. Kafin gari ya waye kanun labarai sun karaɗe duniya: jirgi ya rikito ƙafa 6,000 cikin minti uku.

Da masu bincike na Singafo suka fitar da rahoton farko bayan kwana takwas, sai ga shi faɗowar da ta ji wa mutane ciwo ƙafa 178 ce, cikin daƙiƙa 4.6. Ita kuwa ƙafa 6,000 ɗin, matuƙan ne da kansu suka sauko da jirgin daga 37,000 zuwa 31,000 bayan gargadar ta lafa, irin saukowar da kowane jirgi ke yi kullum. An hango lambobi ne a shafukan bibiyar jirage, aka haɗa su da hotunan ɓarin abinci a ƙasa, aka ƙara gishiri.

Wannan ɗabi'a ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun wajajen 1895 Joseph Pulitzer da William Randolph Hearst ke tseren sayar da jarida a birnin New York da manyan haruffa da labaran firgici. Da jirgin sama ya zo, sai ya zama musu kasuwa. Jaridar Daily Mail ta Ingila ce ma ta ba matuƙi ɗan Faransa Louis Blériot fam 1,000 a 1909 saboda ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da jirgin sama. Wanda ya sayar da labarin tashi kuwa, ai ba zai ƙi na faɗuwa ba. Lokacin da balan-balan ɗin Jamus mai suna Hindenburg ya kama da wuta a Lakehurst da ke Amurka ranar 6 ga Mayun 1937, hoton wutar ne ya zauna a zukatan mutane, har aka manta cewa 62 daga cikin mutum 97 da ke ciki sun tsira da ransu.

Tushen matsalar lokaci ne. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba masu bincike kwana 30 su fitar da rahoton farko, cikakken kuma a yi ƙoƙarin kammala shi cikin shekara. Edita kuwa yau yake so. Tsakanin ranar hatsari da ranar rahoto akwai fili fetal, kowa sai ya shuka abin da ya ga dama.

Dubi jirgin kamfanin TWA na Amurka mai lamba 800 da ya tarwatse a gaɓar New York ranar 17 ga Yulin 1996 da mutum 230. A watan Nuwamba Pierre Salinger, tsohon kakakin Shugaba Kennedy, ya fito yana cewa yana da takardar da ke nuna makami mai linzami na sojin ruwan Amurka ne ya kakkaɓo shi. Ashe takardar ta daɗe tana yawo a intanet. Sai a shekarar 2000, bayan an tsamo tarkacen daga teku an harhaɗa shi a wani katafaren ɗaki, hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce tankin man da ke tsakiyar jirgin ne ya fashe. Har gobe akwai masu riƙe da zancen makamin.

Ɓatan jirgin Maleshiya MH370 a watan Maris na 2014, da mutum 239, shi ya kai abin maƙura. A lokacin babu gawa, babu tarkace, babu baƙin akwatin da ke naɗar bayanan jirgi (wanda ma ruwan lemo ne, ba baƙi ba), ga kuma tashoshin da ba sa rufewa dare da rana. Har Don Lemon na CNN ya tambayi baƙinsa ko baƙin ramin sararin samaniya, mai zuƙe duk abin da ya kusance shi, ne ya haɗiye jirgin. Iyalan fasinjoji na zaune a otal a Beijin suna jira.

Wani lokacin ma gaskiyar ce ake yi wa muguwar riga. Mataimakin matuƙin jirgin kamfanin Germanwings na Jamus, Andreas Lubitz, da gangan ya kara jirgi da tsaunukan Faransa a 2015, mutum 150 suka mutu, bincike kuma ya tabbatar. Amma da jaridar The Sun ta buga "Mahaukaci a ɗakin tuƙi", likitocin ƙwaƙwalwa a Birtaniya sun yi kashedi: irin wannan kanu shi ke sa matuƙin da ke fama da ciwon damuwa ya ɓoye, ya ƙi zuwa asibiti don kada ya rasa aikinsa.

Mu nan labarin kan iso mana ne bayan ya bi hannu uku ko huɗu. An fassara kanun, an yanke bayanin, an manna masa hoton wani tsohon hatsari, an tura a WhatsApp, musamman lokacin jigilar alhazai da kowane gida ke da nasa a sama. Jirgin da ya fasa sauka ya sake zagayowa, abin da ake koya wa kowane matuƙi tun a makaranta, sai ka ji an ce ya tsallake rijiya da baya. Wanda iskar cikinsa ta zurare, matuƙi ya yi maza ya sauko da shi zuwa ƙafa 10,000 inda mutum ke iya numfashi ba da na'ura ba, shi kuma a ce ya rikito.

Bayan faɗuwar jirgin Air India a Ahmedabad ranar 12 ga Yunin 2025, wanda ya ci rayuka 260, rahoton farko ya ce makunnan man injinan biyu sun koma wajen kashewa jim kaɗan da tashi, an kuma ji ɗaya matuƙin na tambayar ɗan'uwansa don me ya kashe, shi kuwa ya ce bai kashe ba. Rahoton bai ɗora wa kowa laifi ba. Cikin 'yan kwanaki wasu jaridu sun yanke wa kyaftin ɗin hukunci, har sai da shugabar NTSB, Jennifer Homendy, ta fito ta ce waɗannan labarai riga-malam-masallaci ne da hasashe.