Waiwaye: yadda jaridu suka ɗauki ilimi, kyauta ko haƙƙi?

Duk wanda ya saba leƙa teburin masu jarida a Area 1 ko Wuse a Abuja ya san irin kanun da ake yi wa labarin makaranta. Gwamna ya gwangwaje ɗalibai da littattafai, shugaban ƙaramar hukuma ya raba benci ɗari, sai hoton yara sun yi layi suna tafi. Kalmar haƙƙi kam sai an tona.

Abin ya samo asali. Tun zamanin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, aikin jarida a Arewa shi ne lallashin iyaye su sa yara boko, musamman da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. To a lokacin gwamnati ce ke kira jama'a na nokewa, don haka ba wanda zai yi tunanin talaka ne zai tashi ya bi gwamnati bashin aji da malami. Ko da aka zo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa (UPE) a 1976 salon bai canza ba, gwamnatin soja ta yi alheri, a gode mata.

Alhali a takarda magana ta daɗe da wuce nan. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta faɗa a sashe na 26 cewa ilimi haƙƙi ne, yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981 ta maimaita a sashe na 17. Tsarin mulkin 1999 ma ya ambaci ilimi kyauta a sashe na 18, sai dai an ajiye shi a babi na 2 wanda ba a kai ƙara kotu a kansa, kuma an ce "idan hali ya yi", ka ji wayo. Dokar ilimin matakin farko ga kowa (UBE) ta 2004 ce ta toshe wannan kafar, shekara 9 kyauta kuma dole, firamare da ƙaramar sakandare, har da tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari ga uban da aka ja wa kunne ya sake ƙin kai ɗansa. Kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ake ware wa UBEC, hukumar da ke kula da shirin, amma jiha ba ta taɓa kuɗin sai ta ajiye nata daidai da shi, shi ya sa kusan duk shekara za ka ga labarin biliyoyi na kwance jihohi ba su ɗauka ba, a buga kwana ɗaya a wuce.

Kuma fa a nan Abuja aka yanke hukunci biyu masu nauyi. Kotun ECOWAS a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar ta ce a 2010 ilimi haƙƙi ne da ɗan Najeriya zai iya nema a kotu, sannan a 2017 Babbar Kotun Tarayya ƙarƙashin Mai shari'a John Tsoho ta ce haka game da ilimin matakin farko. An ba da labarin, ba a ce ba a bayar ba, amma a ganina an bar shi a matsayin zancen lauyoyi, ba a juya shi da Hausar da mai shayi a Nyanya zai gane cewa kuɗin PTA da na jarrabawa da ake koro masa yaro a kansu akwai abin tambaya a ciki ba.

Abin da jarida ta fi so lissafi ne da tashin hankali. Yara miliyan 10.5 ba sa makaranta inji UNICEF, a 2022 UNESCO ta ce miliyan 20, a yi ta musu kan wanne ne daidai. Sace 'yan matan Chibok 276 a 2014 ya sa an fara haɗa tsaro da haƙƙin karatu, wannan kam ci gaba ne, a yaba musu. Amma dubi bambancin: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na wata 8 a 2022 kullum yana shafin farko, don 'ya'yan editoci da masu sayen jarida ne a jami'a. Malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja 6 suka shiga yaji a Maris ɗin 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, sama da wata uku ajujuwa a kulle daga Abaji har Bwari, kuma yawancin rahotannin da na gani rikicin albashi ne tsakanin ƙungiyar malamai NUT da ciyamomi, wa ya ce me, wa ya ƙi zuwa taro. Yaran da suka yi zangon karatu guda a gida suna talla ko ɗiban ruwa, a sakin layi na ƙarshe ake tuna su, shi ma in akwai sauran fili a shafin.