Tsatsar nan ta girmi ruwan bana

Tun daren da iska da ruwa suka yaye rufin rumfar 'yan kashe gobarar unguwarmu a nan Gadarif, gabashin Sudan, ake ta ka-ce-na-ce, wasu na cewa sakacin samari ne, wasu kuma wai ƙaddara ce kawai, ruwan bana ya fi ƙarfin kowa. Ni dai na je na gani da idona. Injin jan ruwa na kwance cikin laka, tiyo biyu an ɗaɗɗaure su da robar taya inda ɓera ya huda, durorin da ake ɗorawa a karo, wato keken jaki, kuwa tsatsa ta cinye gindinsu. Jama'a, ruwan dare ɗaya yana sa tsatsa haka?

Ambaliya ai ba baƙuwa ba ce a Sudan. Kowa ya san ta 1988 da ta rusa gidaje a Khartum, da ta 2020 da Nilu ya haura mita 17 har aka kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku, mu kuma ga rafin Khor Abu Farga nan ya ratsa gari yana tuna mana kowace damina. Gobara ma haka, ɗakunanmu da yawa na ciyawa ne, lunguna sun yi wa mota ƙunci, ruwa kuma a garin nan sai da kuɗi, shi ya sa iyayenmu suka haɗa wannan gayya da kansu, abin da maƙwabtanmu ke ce wa nafir.

Abin da ba na jin kowa na ambata a musun nan shi ne yadda ake ciyar da ita da. Da kaka kowane gida zai kawo mudun dawa, mai riɗi ya kawo riɗi, a zuba a ɗakin wani dattijo, sai bazara da hatsi ya yi daraja a fitar a sayar, a gyara inji, a sake tiyo, a sayi harawar jaki. Ba a neman rasit, kowa na ganin buhunan da idonsa. To a 2013 da ruwa ya yi ɓarna a Khartum samari can suka kafa Nafir ɗinsu ta Facebook da waya suka tara taimako cikin 'yan kwanaki, wallahi sun burge, mu ma abin ya shiga ranmu. Ba a jima ba muka zauna gindin darbejiya bayan la'asar muka ce wannan ɗaukar buhu ƙauyanci ne, kowa ya riƙa ba da kuɗi wata-wata. Ina cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, gara in faɗa. Wani tsoho ya ce min, "ɗana, dawa ba ta ramewa a ɗaka fa," na ce "Baba zamani ya canza," aka yi dariya aka tashi.

Sai kuɗinmu fam ya fara zubewa a 2018, zuwa 2021 tsadar kaya ta haura kashi 300 cikin 100, kuɗin da muka tara don sabon inji ko tayar karo ba su saya. Mutane suka ga abin da suke bayarwa ba ya tsinana komai suka janye hannu, mu kuma kunya ta hana mu komawa ga mudu. Jakin ma sayar da shi aka yi, in wuta ta tashi sai an bi gida-gida ana aron na masu tallar ruwa.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan mutanen Wad Madani sun kwararo a Disamba, unguwa ta cika maƙil, murhu ya ƙaru, samarin nan da bokiti suka riƙa kashe wuta.

Jiya mai gyara ya kwance injin ya ce zai tashi in an samu kayan. An buɗe tara kuɗi a WhatsApp kamar kullum. Wata gwaggo dai da ba ta da waya ta aiko jikanta da rabin buhun dawa a baro, yaran suka tsaya suna kallon juna don ɗakin da ake zubawa da yanzu 'yan gudun hijira ne a ciki.