Sansanin Sojan Rumawa Ba Na Maza Zalla Ba Ne

An daɗe ana ɗaukar cewa sansanonin sojan daular Rum wurare ne na maza zalla, inda ba a komai sai atisaye da gadin iyaka. Wannan zato yana da madogara, domin tun zamanin Sarki Agustus doka ta hana ƙananan sojoji yin aure, kuma ba a ɗage ta ba sai wajen shekarar 197 Miladiyya. Sai dai abin da masu binciken kayan tarihi suka tono ya nuna cewa doka daban, zaman yau da gobe daban.

A Vindolanda, wani sansani da ke arewacin Ingila kusa da Ganuwar Hadriyan, doguwar katangar da Rumawa suka gina a kan iyaka, laimar ƙasa da rashin iska sun adana dubban takalman fata, cikinsu har da na mata da na yara ƙanana. A shekarar 1973 kuma aka fara gano siraran allunan katako masu rubutun tawada. Ɗaya daga cikin waɗanda aka samu wasiƙa ce da Claudia Severa, matar wani kwamanda, ta aika wa Sulpicia Lepidina, matar kwamandan sansanin, wajen shekarar 100, tana gayyatarta bikin zagayowar ranar haihuwar ita Claudia. Su manyan hafsoshi dama dokar ba ta hau kansu ba.

A bakin ganuwar sansanin kuwa an tono unguwa guda mai gidaje da shaguna da gidan wanka, inda fatake da masu sana'a da iyalan sojoji suka zauna, kamar dai yadda kasuwa kan tsiro a gefen bariki.