Sifilen: jirgin da ake kira na teku alhali tekun yake gudu

Tun da maganar raya yawon buɗe ido a tafkin Volta da tafkin Bosomtwe ta yawaita, wata kalmar Turanci ta shigo bakin masu sharhi a shirye-shiryen rediyon da muke saurare a nan Kumasi, wato sifilen (seaplane a rubuce), har ta kai da wuya a yi hirar sufuri ko ta alkawuran masu neman kujera ba a jefo ta ba. Masu mayar da ita Hausa kowa da tasa: wani ya ce jirgin teku, wani ya ce jirgin ruwa mai tashi, wani kuma ya kawo misalin jirgin nan da ya sauka a kogin Hudson na Amurka ranar 15 ga Janairu 2009, alhali wancan jirgin fasinja ne mai tayoyi da injinansa suka mutu, matuƙinsa ya ajiye shi a kan ruwa bisa tilas, Allah ya kuɓutar da mutum 155 da ke ciki.

Ma'anar ba ta da wuya. Jirgin sama ne cikakke, da fukafukai da inji da matuƙi mai lasisi, sai dai a kan ruwa yake yin gudunsa na tashi, a kan ruwa kuma yake sauka. Akwai wanda aka cire wa tayoyi aka ɗora shi kan wasu rufaffun kwalekwale biyu na alminiyam, shi ne kusan duk wanda ke ɗaukar fasinja a yau. Akwai wanda cikinsa da kansa aka ƙera kamar na jirgin ruwa, irin manyan da Kanada da Sin ke ƙerawa don ɗibar ruwa a kashe gobarar daji. Wasu daga cikin iri biyun suna da tayoyi a naɗe, suna iya sauka a ruwa ko a kwalta.

Fassarar jirgin teku ita ce ta fara damuna, domin tana sa mai sauraro ya ɗauka cewa duk inda ruwa yake da faɗi, nan ne wurin wannan jirgi, sai ka ji ana lissafa Accra da Cape Coast da Takoradi a matsayin tashoshinsa tun da duk a bakin teku suke. Gaskiya ne rabin kalmar na farko teku yake nufi a Turanci, amma ƙaramin jirgi mai kwalekwale biyu ba ya jure igiyar ruwa mai tsayi, kuma gaɓar tekunmu tana cikin masu hauka. Duk wanda ya tsaya a unguwar Jamestown ta Accra ya ga yadda masunta ke kokawa da igiya kafin su fitar da kwalekwalensu ya san haka. Saboda wannan igiyar ne manyan jiragen ruwa suka daɗe suna tsayawa can nesa da Accra ana sauke musu kaya da ƙananan kwalekwale, har sai da aka buɗe tashar Tema a 1962. Wurin da wannan jirgi yake so shi ne tafki, ko kogi mai faɗi, ko lungun teku da tsibirai ko duwatsu suka kare daga iska. Ko jirgin farko da ya taɓa tashi daga ruwa, wanda Bafaranshe Henri Fabre ya tuƙa ranar 28 ga Maris 1910, daga wani tafki kusa da Marseille ya tashi.

Amma kuskuren da ya fi wannan nauyi, wanda kuma shi ne yake fitowa daga bakin masu neman ƙuri'a, shi ne cewa wannan jirgi ba ya buƙatar filin jirgi, saboda haka yana da araha, saboda haka zai warware matsalar sufurin garuruwan bakin tafki. Jimlar farko tana da ƙanshin gaskiya, sauran biyun kuwa ba su biyo daga gare ta ba. An yi zamanin da rashin fili ya ba jirage masu sauka a ruwa sarauta a sama. Kamfanin farko a duniya da ya ɗauki fasinja bisa jadawali, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1914 tsakanin St. Petersburg da Tampa a Amurka, da irin wannan jirgi ya fara, fasinja ɗaya tak a kowane sawu. A 1937 manyan jiragen Ingila masu cikin kwalekwale suna tashi daga Southampton su bi kogin Nilu da tafkin Victoria har Durban, kuma a Janairun 1943 irin wannan jirgi ne ya kawo Shugaba Roosevelt na Amurka zuwa Bathurst, wato Banjul ta yau. Yaƙin duniya na biyu ne ya kawo ƙarshen wannan sarauta, kuma ƙasarmu tana cikin labarin: daga 1940 ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alkahira, duk a kan filayen ƙasa. Da yaƙi ya ƙare, duniya ta cika da filaye, jirgi mai tayoyi ya fi sauri, ya fi ɗaukar kaya, ya fi sauƙin gyara, kamfanin jiragen Ingila na BOAC ya ajiye jiragensa masu sauka a ruwa a 1950. Tun daga lokacin sana'ar ta koma ƙarama, tana rayuwa ne kawai a wuraren da yanayin ƙasa da kuɗin fasinja suka haɗu.

Misali mafi girma shi ne Maldives, tsibirai kimanin 1,190 a tekun Indiya, galibinsu ƙanana ainun, kowane otal na alfarma da tsibirinsa. Kamfanin Trans Maldivian Airways, wanda ya fi kowane girma a wannan sana'a a duniya, yana da jirage sama da 50, duk samfurin Twin Otter mai inji biyu, kowanne yana ɗaukar fasinja kimanin 15. Baƙo ya sauka a babban filin jirgi kusa da Male, a kai shi tashar jirage masu sauka a ruwa da ke gefe, a auna jakarsa, a tashi da shi a sauke shi kan wani dandamalin katako mai shawagi, kwalekwalen otal ya zo ya ɗauke shi. Kuɗin zuwa da dawowa ɗaruruwan daloli ne, kuma mai biyansu mutum ne da ya riga ya ware dubbai don hutunsa. Duk da wannan ciniki, jiragen ba sa tashi sai da rana, domin matuƙi da idonsa yake karanta ruwa, baƙon da jirginsa ya iso da dare sai ya kwana ya jira gari ya waye. Ruwan da ake sauka a kai kuma ruwa ne da murjani ya kewaye ya kwantar, mai haske har ana ganin ƙasansa daga sama.

Yana da kyau a dubi aikin kusa-kusa, domin a nan ne maganar araha take rushewa. Kwalekwalen da ke ƙarƙashin jirgin an raba cikinsu ɗaki-ɗaki, ruwa yana tsiyaya ciki ta mahaɗan ƙarfe, don haka kafin tashin farko sai ma'aikaci ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya da famfon hannu yana zuƙe ruwan da ya taru. Inda ruwan na gishiri ne, sai an wanke jirgin da ruwan daɗi a kai a kai, in ba haka ba gishiri ya ci ƙarfen. Nauyin kwalekwalen yana rage yawan mutanen da za a ɗauka, faɗinsu yana rage gudu ya ƙara shan mai. A kan ruwa jirgin ba shi da birki irin na taya, iska tana juya shi yadda ta ga dama, kuma dokar zirga-zirgar ruwa ta duniya ta ɗauke shi a matsayin jirgin ruwa da zarar ya taɓa ruwa, ta kuma ɗora masa nauyin kauce wa sauran jirage. Hatta ruwan da ya kwanta lumui ba motsi haɗari ne, domin matuƙi ba ya iya gane tazarar da ke tsakaninsa da shi, sai ya riƙa sauka a hankali bisa na'ura har ya ji ya taɓa.

Ɗaya wurin da sana'ar ta kafu shi ne gaɓar yammacin Kanada da Amurka. Kamfanin Harbour Air, wanda aka kafa a 1982, yana ɗaukar mutane daga tsakiyar Vancouver zuwa tsakiyar Victoria, babban birnin lardin da ke kan tsibiri, cikin kimanin minti 35, tafiyar da ke cin sa'o'i uku zuwa huɗu da mota da jirgin fito. A Alaska akwai ƙauyukan da ba hanyar mota, tafkin Hood na Anchorage shi ne tashar irin waɗannan jirage mafi cunkoso a duniya. Abin lura shi ne tsufan jiragen. Samfurin Beaver, wanda har yau ake dogaro da shi, ya fara tashi a 1947, an daina ƙera shi a 1967. Twin Otter an daina ƙera shi a 1988, sai da aka yi kusan shekara 20 kafin a dawo da shi. Ko gwajin tashi da lantarki da Harbour Air ya yi ranar 10 ga Disamba 2019, tsohon Beaver ne da ya haura shekara 60 aka sa wa sabon inji.

Wanda ya kamata masu yi mana alkawari su karanta shi ne labarin Indiya. Ranar 31 ga Oktoba 2020 Firaminista Narendra Modi da kansa ya buɗe zirga-zirga tsakanin kogin Sabarmati a Ahmedabad da babban mutum-mutumin da ke Kevadia. Jirgi ɗaya ne, na haya daga Maldives, kuma ba a daɗe ba aka mayar da shi can don gyara saboda babu wurin gyaransa a kusa. Zuwa Afrilun 2021 aikin ya tsaya. Kafin nan, a 2013, jihar Kerala ta ƙaddamar da nata, masunta suka tashi tsaye suka ce tafkin gonarsu ce, shirin ya mutu tun bai yi rarrafe ba.

Idan muka dawo gida, tafkin Volta yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, kuma wannan adadi ne ake ɗagawa a ce ga fili Allah ya ba mu kyauta. Amma da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya hau kan daji ne ba a sare itatuwansa ba, suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale daga Yeji zuwa Makango ko ƙauyukan da ke gefe ya ga baƙaƙen kawunansu sun leƙo idan ruwa ya ja baya, ya kuma ga yadda yaron da ke gaban kwalekwale yake zuba ido yana nuna wa mai inji hanya da hannu. Waɗanda suka leƙo su ne masu sauƙi. Na ɓoye, da ruwa ya rufe da taƙi ɗaya ko biyu, su ne suka sha fasa kwalekwalen kasuwa, aka yi asarar rayuka da yawa. Jirgin da ke taɓa ruwa da gudun da ya kai na mota a babban titi, a kan alminiyam marar kauri, ba zai tsira daga kututture ɗaya ba. Ga tarun masunta, ga tsayin ruwan da ke hawa da sauka tsakanin damina da rani har matsayar da aka kafa bana ta koma kan tudu baɗi, ga hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu wanda yakan hana ko jirage masu na'urori sauka a Tamale.

Wani dattijo mai fataucin busasshen kifi tsakanin Yeji da Kumasi ya tare ni bayan sallar la'asar a Aboabo ya ce, "Malam, wannan jirgin da ake faɗa, kwando nawa zai ɗauka?" Na ce masa, "Alhaji, a Maldives jakar fasinja kimanin kilo 20 ake yarje masa, abin da ya haura sai ya biya." Tambayarsa ita ce ta dace, domin abin da ke tsallaka tafkin nan doya ce da kifi da shanu da gawayi da mata masu goyo, kuma babu ɗaya daga cikinsu da jirgi mai kujera 15 zai yi wa amfani. A ganina rashin adalci ne a ambaci wannan kalma a gaban waɗannan mutane kamar ana yi musu albishir.

Bosomtwe kuwa, da ke kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, rami ne mai tsaunuka kewaye, wuri ne mai tsarki a wurin Asantawa, masuntansa a kan gungumen itace suke zama su yi tuƙi da hannu bisa al'adar da suka gada, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake karewa a 2016. Mota tana kai mutum can daga gari cikin ɗan lokaci, saboda haka babu wata tazara da jirgi zai rage.

Ban ce ba za a taɓa yin wannan sana'a a Ghana ba. Ƙaramin jirgi mai tayoyi da kwalekwale, da zai ɗauki baƙi daga filin jirgin Accra ya sauke su kusa da Akosombo, abu ne mai yiwuwa idan an samu masu biya. Kafin nan sai an auna ƙasan ruwa, an tumɓuke kututture a zirin da ya haura kilomita ɗaya, an kafa alamomi masu shawagi, an tanadi matsaya da mai da kwalekwalen ceto, an zauna da masunta, kuma hukumar jiragen sama da hukumar sufurin ruwa da hukumar kogin Volta sun amince. Wannan shi ne filin jirgin da ake cewa ba a buƙata. Idan akwai kuɗin auna ruwa da tumɓuke kututture, ni dai a hanyoyin kwalekwalen kasuwa na Yeji da Dambai da Kete Krachi zan so a fara kashe su.