Koci da Lafari: Inda Doka Ta Ja Layi a Wasannin Makarantu

Da zarar gasar makarantun sakandare ta kankama a Kumasi, wadda yara ke kira Intako, musu ɗaya ne ke zagaya majalisun Aboabo da Asawase: a kan me lafari zai kori koci alhali bai taɓa kowa ba? Masu wannan tambaya yawanci tsohon tsari ne a kansu, lokacin da alƙalin wasa ke nuna wa koci hanyar waje da hannu kawai. Tun 2019 hukumar IFAB, mai rubuta dokokin ƙwallon ƙafa 17 da duniya ke bi, ta ba shi ikon ɗaga kati ga duk jami'in da ke kan benci. Da dokokin nan ake busa wasa a babban filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi, da su kuma ake busa shi a filin makaranta mai ƙura.

Doka ta 5 ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe: ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba, an yi satar gida ko ba a yi ba. Yana iya sauya ra'ayi idan ya gane kuskurensa ko mai tuta ya ankarar da shi, amma da sharaɗin ba a ci gaba da wasa ba. An taɓa ƙwallo, magana ta ƙare. Saboda haka kocin da ke ta ɓaɓatu minti biyar bayan an wuce wurin yana neman abin da lafarin kansa ba shi da ikon ba shi.

Doka ta 12 ce ta jera laifuffukan benci, hawa uku. Na farko jan kunne da baki, babu kati. Koci ya girgiza kai, ya ce “haba lafari!”, ko ya ɗan zarce iyakar wurin da aka ware wa bencinsa sau ɗaya, za a ce masa “Masta, koma wurinka”, shi ke nan. Doka ba ta hana mutum jin haushi ba.

Hawa na biyu katin gargaɗi ne, kuma nan malamai da yawa ke faɗawa ba da saninsu ba. Tafin ba'a laifi ne. Nacewa da ɗaga hannu ana neman a ba ɗan wasan abokan hamayya kati laifi ne. Haka jinkirta ci gaba da wasa daga ɓangarenku, da yawan fita daga iyakar benci. Ɗauki kocin da ke tsaye da ledar fiya wata a hannu, an busa fanareti a kan yaransa. Ya maka ledar da ƙasa a gabansa, ruwa ya fantsama kan takalmansa: katin gargaɗi ne. Ya wurga ta cikin fili da gangan: jan kati ne kai tsaye. Idan kuma ledar ta shafi wasa, za a ba abokan hamayya bugun tazara, ko ma fanareti idan a cikin da'irar gidanku abin ya faru.

Jan katin shi ne inda ake yawan musu. Zagi da cin mutunci, tofa yawu, kai hannu, waɗannan kowa ya san hukuncinsu. Abin da ba a sani ba shi ne ƙafa kaɗai na iya jawo kora. Koci ya bar iyakar bencinsa da niyyar zuwa ya yi wa alƙali ko mai tuta gardama, jan kati ne, ko da bai furta kalmar ashar ko ɗaya ba. Ya shiga fili ya tare lafari, jan kati ne, kuma dokar ta ambaci hutun rabin lokaci da bayan tashi ƙarara, domin ikon alƙali yana farawa tun shigarsa duba fili, ba ya ƙarewa sai ya bar shi. Riƙe ƙwallon da ta fito don hana abokan hamayya yin jifa da wuri ma kora ce. Korar koci ba ta rage 'yan wasa, suna nan su 11, sai dai a makaranta kocin sau da yawa shi ne malamin motsa jiki da ya kawo yaran a mota, ga shi yanzu a bayan igiya.

Iyakar kanta mita 1 ce daga kowane gefen kujeru, kuma tana tsayawa mita 1 kafin layin fili. Mutum ɗaya ne tak aka yarda ya miƙe yana ba da umarni a lokaci guda. A filayen makarantu da dama ba a shata ta ba, bencin aji ne aka ɗauko aka jera a ƙarƙashin rumfa. Kocin da ya san ciwon kansa yakan tambayi lafari tun kafin a take wasa inda zai tsaya.

A ganina sashen da ya fi shafar makarantunmu shi ne wannan: idan wani a benci ya yi laifi ba a gane ko wane ne ba, babban koci ne zai sha katin. Wanda ya san bencin Intako ya san ba a rasa tsofaffin ɗalibai da 'yan unguwa da suka kutso, kowa da bakinsa. Zagi ya fito daga cikinsu, lafari ya waiwaya bai ga mai shi ba, Masta ne zai biya. Wasu na ganin zalunci ne. Ni ina ganin daidai ne, domin shi kaɗai ke da ikon cewa wane ya zauna, wane ya koma cikin 'yan kallo. Likitan ƙungiya kawai aka sassauta wa: ko an kore shi yana iya zama idan babu wani mai duba yaran.

A lura kuma da wanda ake yi wa ihun. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana na da shirin koya wa yara alƙalanci tun suna ƙanana, don haka mai riƙe da usur a wasan matasa na iya zama sa'an ɗaliban koci ne. Sannan 'yan kallo fuskar koci suke karantawa, ya zabura sai su zabura. Mutanen ƙasar nan sun ga inda fushi da hukuncin alƙali ke kaiwa ranar 9 ga Mayu 2001 a filin wasa na Accra, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko: aka fara jifa da kujeru da kwalabe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, fiye da mutum 120 suka rasu a turmutsitsin ƙofa.

Bayan kati, alƙali zai rubuta rahoto, masu shirya gasar su yanke tsawon dakatarwa bisa ƙa'idojinsu. Wanda ya kai hannu kuwa ya fita daga hurumin wasa, domin duka laifi ne a ƙarƙashin dokar manyan laifuka ta Ghana ta 1960, kuma malami yana da hukumar ilimi a bayansa da za ta tambaye shi. Makarantar da ke ganin an cuce ta sai ta kai koke a rubuce ga kwamitin gasar, cikin wa'adin da aka ɗiba. Kwamiti na iya sauraron batun ɗan wasan da bai cancanta ba ko halayyar alƙali, amma ba zai dawo da ƙwallon da aka soke don satar gida ba.